Amsa: tebur yana buɗewa a Base amma ya ƙi karɓar gyara

Malam, sannu. Ka ce kun bar Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, kun koma LibreOffice, teburin ɗalibai yana buɗewa a Base, wato sashensa na rumbun bayanai, sunaye duk suna nan, amma ko harafi ɗaya ya ƙi canzawa, kuma layin ƙasa na ƙara sabon suna ya ɓace. Na san ciwon nan, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kwantar da hankalinka, bayananka lafiya lau suke.

Fara da Primary Key, wato mabuɗin tebur, gurbin da ke ba kowane layi lambarsa ta daban. Access yana barin mutum ya yi rubutu a teburin da ba shi da shi, Base kuwa ba ya yarda, sai dai ya nuna maka ka kalla. Idan har yanzu da fayil ɗin Access kake haɗe, can cikin Access za ka sa shi. Amma ni shawarata ka buɗe sabon fayil na Base, ka danna dama a kan tsohon teburin ka yi Copy, ka yi Paste a sabon. A tagar da za ta fito zaɓi Definition and data, ka sa alama a wurin ƙirƙirar sabon gurbi a matsayin Primary Key. Bayan nan shiga Edit na teburin ka mai da AutoValue zuwa Yes, don lambar ta riƙa ƙaruwa da kanta. Kada ka yi gaggawar ɗaukar lambar shiga makaranta a matsayin mabuɗin: yara biyu su haɗa lamba ɗaya, ko gurbi ɗaya ya zama fanko, aikin ya tsaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu saka manhaja da suke ce wa mutane wai duk ɗaya ne. Ina ɗaya? Fom, rahoto da VBA (umarnin da ake rubutawa don sarrafa aiki) da aka gina a Access ba sa biyo ka, sai an sake su daga tushe. Wasu ma don sauƙi sai su fitar da teburin zuwa Excel su haɗa Base da shi, su karɓi kuɗinsu su tafi. To teburin da aka haɗa daga Excel ko CSV na karatu ne kawai, ko shekara za ka yi kana dannawa ba zai gyaru ba.

In ta cikin fom kake shiga, buɗe shi ta Edit, ka je Form Properties, shafin Data, ka tabbata Allow additions da Allow modifications suna kan Yes. In kuma fom ɗin a kan Query yake zaune, wato tambayar da ke tsamo bayanai daga tebur, dole mabuɗin kowane tebur ya kasance a ciki, kuma duk Query mai GROUP BY ko jimla ba ya gyaruwa. Java ma ka duba: LibreOffice mai 64-bit sai Java mai 64-bit, in ba haka ba HSQLDB, injin rumbun da ke cikin fayil ɗin Base, ba zai tashi ba.

Amma don Allah, kafin ka taɓa komai, yi kwafi. Lalacewar fayil ce ta fi tsorata ni, ba ƙin gyaran ba. Fayil ɗin Base, wato odb, ƙunshi ne irin na zip, tebur da fom da komai a jaka ɗaya, kuma sake ɗaure jakar ake yi idan za a rufe. A ɗauke wuta a daidai lokacin, ko a zare filashi kafin ya gama, da safe ka danna fayil sai ya tambaye ka da wace manhaja zai buɗe, ko ya buɗe wayam babu tebur ko ɗaya. Sakamakon zango uku, kuɗin makaranta, lambobin iyaye, duk a tafi ɗaya, kuma kai za a tsare da ido. Saboda haka kada ka yi aiki kai tsaye daga filashi. Ajiye fayil ɗin a kwamfuta, ka rufe LibreOffice gaba ɗaya, sannan ka kwafe, kullum da kwanan wata a sunan.

Af, in LibreOffice ya taɓa mutuwa yana tsakiyar aiki, leƙa foldar, akwai ɓoyayyen fayil mai farawa da .~lock, goge shi bayan ka rufe komai.

Dubi can ƙasan tagar Base, yana rubuta irin rumbun da kake haɗe da shi. Faɗa mana abin da ka gani a wurin, Spreadsheet ne, Access ne ko HSQLDB.