Tambayoyin Masu Karatu: Macijin Arizona Mai Kacau-kacau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Tukson na jihar Arizona, kuma abokaina sun gayyace ni farautar kurciya da ake buɗewa ranar 1 ga Satumba. Sun gargaɗe ni game da macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya. A ƙauyenmu na jihar Gombe, idan kububuwa ta sari mutum, ɗaure ƙafar ake yi a tsaga wurin. Shin hakan zan yi a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gargaɗin abokanka yana kan hanya, domin Arizona tana da nau'i 13 na wannan maciji, kuma a Satumba ba su shiga ramukan da suke ɓuya lokacin sanyi ba tukuna. Kacau-kacau ɗin ɓawo ne irin na farce da ke ƙaruwa duk lokacin da macijin ya yi saɓa, kuma yana kaɗa shi ne don ya kore ka, kamar yadda kububuwa take goga jikinta ta yi ƙara. Idan ka ji shi, ka tsaya cak har sai ka gane inda yake, sannan ka ja da baya a hankali, ka bar masa aƙalla mita biyu, tunda saransa ba ya kai tsawon jikinsa. Sai dai ba kullum yake kaɗawa kafin ya yi sara ba, shi ya sa nake roƙonka ka sa dogon takalmin fata da wando mai kauri. Lokacin da kurciya ta faɗa cikin ciyawa ko ƙarƙashin ƙaya shi ne mafi haɗari ga maharbi, saboda hankalinsa yana kan tsuntsun. Ka fara buɗa wurin da sanda kafin ka kai hannu.

Game da ɗauri da tsaga kuwa, ka bar su gaba ɗaya, a can da ma gida. Dafin yawancin macizan nan yana cin nama yana hana jini daskarewa, don haka ɗauri yana tara shi wuri guda har gaɓar ta lalace, tsaga kuma tana buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba hanya. Tsotsa da ɗora ƙanƙara ma ba su da amfani. Abin yi shi ne a kira lambar agajin gaggawa ta 911, a cire zobe da agogo kafin kumburi ya taso, a rage motsi, a nufi asibiti ko da ciwon bai tsananta ba, domin dafin wani nau'insu da ake kira Mojabe yana iya taɓa numfashi bayan sa'o'i ba tare da kumburi mai yawa ba. A Amurka macizai masu dafi suna saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, amma waɗanda ke mutuwa kimanin biyar ne, saboda ana kai su ga makari irin CroFab da Anavip da wuri. Makarin kububuwa da ake yi wa mutane a Kaltungo ba ya aiki a kan waɗannan.

Kada ka bi macijin don ka kashe shi ka kai wa likita, hoto daga nesa ya wadatar. Ko abokanka sun harbe shi, kada ka taɓa kan, domin a 2018 kan da aka riga aka datse ya sari wani mutum a jihar Tekzas, sai da aka yi masa kwalba 26 ta makari kafin ya farfaɗo.