Hukuncin riƙe mota har kuɗi su tabbata, idan mai saye yana nesa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi. Na sa motata Corolla a kasuwa ta intanet a kan sidi 85,000. Wani ya kira ni ya ce shi Alhaji ne a Bolgatanga, hotuna sun ishe shi, ko ragi bai nema ba. Ya turo mini sidi 2,000 ta MoMo (asusun kuɗi na waya) kafin alƙalami, waɗannan kam na gan su. Ran Juma'a da yamma sai ya turo hoton rasidin banki na 88,000, ya ce ya ɗora 5,000 ne kuɗin direban da zai zo ɗaukar motar, in tura wa direban ta MoMo, in ba shi makulli da takardu. Da na ce sai na ga kuɗi tukuna, ya shiga rantse-rantse, wai ina munana zato ga ɗan'uwa Musulmi. Na yi laifi? Kuma in ciniki ya watse, 2,000 ɗin nan sun halatta gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba. Riƙe motarka har kuɗi su tabbata haƙƙi ne da shari'a ta ba ka. A mazhabar Malikiyya, idan mai saye da mai sayarwa suka ja daga a kan wa zai fara miƙawa, mai saye ake tilasta wa ya fara biya, mai kaya kuwa yana da ikon tsare kayansa sai ya karɓi kuɗinsa. Hoton rasidi labarin kuɗi ne kawai, kuma ana haɗa shi a waya cikin 'yan mintoci. Karɓa a shari'a ita ce kuɗi su shiga ƙarƙashin ikonka, ka iya cire su ko ka kashe su ba tare da jiran kowa ba.

Zancen mummunan zato kuwa, an ɗora ayar ne inda ba muhallinta ba. Abin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi ne ka yanke wa mutum hukunci a zuciyarka babu dalili, ko ka shiga gari kana kiransa ɓarawo. Kiyaye dukiya daban ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu idan an ƙulla ciniki. Waɗanda aka fara faɗa wa haka Sahabbai ne, kuma babu wanda ya ce an tuhumi amanarsu. Mai raƙumin nan da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure ko ya saki ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Saboda haka kada ka zagi mutumin nan, kada kuma ka ba shi makulli.

Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da ka bayyana ya tattara alamomin 'yan damfara kusan duka. Mai sayen tsohuwar mota da guminsa yakan zo da makanikensa daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a leƙa ƙarƙashinta, a saurari inji, a yi ta ja-in-ja a kan sidi ɗari biyar. Wanda ya amince da farashin farko bai ko taɓa sitiyari ba, yawanci ba ya da niyyar biya ne. 'Yan kuɗin da ya fara turowa na gaske ne, tsaba ce aka watsa wa kaza. Zaɓen yammacin Juma'a ma ba banza ba: an rufe banki, sai Litinin, ga uzurin cewa "network ne, za su shigo". Ƙarin 5,000 ɗin shi ne ƙugiyar. Za ka cire su daga aljihunka na gaske a madadin kuɗin da ba su taɓa wanzuwa ba, in ma bai samu motar ba ya ci ribar 3,000. Abin kunya ne a gare mu mutanen Zango cewa sunan da duk Ghana ke kiran wannan sana'a da shi, sakawa, daga harshenmu aka ɗauko shi. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta haramta, rantsuwar ƙarya da aka haɗa da shi kuwa zunubi ne na biyu a kan na farko.

Yadda ake tabbatar da kuɗi ya danganta da hanyar da suka biyo. In ta MoMo ne, kada ka dogara da saƙon da ya shigo waya, domin ana ƙirƙirar sa. Danna *170# da hannunka in layin MTN ne, ka duba abin da ke asusunka. Ka riƙe wannan: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk wanda ya ce ka sa PIN ko ka amince da wani saƙo don kuɗi su shigo, fitar da naka yake so. In turawa ce daga banki zuwa banki, buɗe manhajar bankinka ko ka je reshe, ka dubi kuɗin da za ka iya cirewa yanzu, domin akwai adadin da yakan bayyana a rubuce alhali bai tabbata ba. Nan ne ceki yake kayar da mutane. A zuba maka ceki, saƙo na gaskiya ya zo daga bankinka, ka miƙa mota, bayan kwana biyu ko uku na aiki cekin ya dawo babu komai a asusun mai shi, banki ya janye adadin. Ba da cekin wofi laifi ne a dokar Ghana, amma hukunta mai laifi sai an kama shi, motarka kuwa ta riga ta kama hanyar Paga, garin kan iyaka da Burkina Faso. Takardar kuɗin da banki ke yankewa da sunansa ma ana buga jabunta, sai reshen da ya fitar da ita ya gaskata. In tsaba ce, 85,000 takarda 425 ce ta 'yar sidi ɗari biyu, ba abin ƙirgawa a bayan but da magariba ba ne. A kai gaban ma'aikacin banki, na'ura ta tantance, a zuba a asusunka, ka karɓi rasidi.

Akwai wata mas'ala da ba ka tambaya ba, ita kuma ta shafe ka kai mai sayarwa. Sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa ya halatta a wurin Malikiyya. Amma Ibn Abi Zaid a Risala ya ce ba a sharɗanta biyan kuɗi tun gaba a irin wannan ciniki, sai idan abin yana kusa, ko ya zama irin wanda ba a tsoron canzawarsa kamar gida da fili. Mota tana canzawa. Gaskiya ne Bolga da Kumasi yau tafiyar yini ɗaya ce ko dare ɗaya a bas, don haka ana iya lissafa ta cikin na kusa. Duk da haka ka lura, mai saye na gaskiya shi ma yana da haƙƙin ya ji tsoronka kamar yadda kake tsoronsa, tunda shi ne ake nema ya yi cinikin biri a sama.

Mafitar da ta fi tsafta a fiƙihu, ta kuma toshe ƙofar damfara, ita ce hannu da hannu cinikin makaho. Mai saye ya zo da kansa, ko ya wakilta wani amintacce, wakilci kuwa halal ne ba saɓani. Ya aiko maka da sunan wakilin a rubuce, wakilin ya zo da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ka ga fuska ta dace da kati. A duba mota da rana a wurin jama'a. In za a gwada ta, kana ciki tare da wani naka, takardun asali kuma suna gida. Daga nan sai banki, a lokacin aiki. Sunan da ke kan asusun da ya biya ya zama sunan da ke kan takardar ciniki. Wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne, domin akwai masu kwafar hotunan motarka su tallata ta a matsayin tasu da rahusa, su tsaya tsakaninka da wani bawan Allah, kai kana zaton wakili ne ya zo, shi kuma yana zaton kai yaron mai mota ne, kuɗin su tafi asusun na uku. Saboda haka ku faɗi farashi da baki a gaban juna. A rubuta takarda da lambar mota, lambar shasi, lambar inji, farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Sannan ku je DVLA, hukumar rajistar motoci, a sauya suna, don muddin motar tana kan sunanka, in ta buge mutum ko aka yi fashi da ita, ƙofarka 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa.

Kai ma wajibi ne ka bayyana aibinta: haɗarin da ta taɓa yi, injin da aka sauya, ruwan da ta taɓa sha. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita in ya gano aibin da aka ɓoye.

Game da 2,000 ɗin, Malikiyya da mafi yawan malamai sun hana cin kafin alƙalami idan ciniki bai tabbata ba. Hanbaliyya sun halatta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta bi wannan ra'ayi a zamanta na 1993 a Brunei, da sharaɗin an ɗiba wa'adin jira. Ku ba ku yi wannan sharaɗi ba, kuma mai yiwuwa kuɗin na wani ne da aka yaudara. Don haka ba naka ba ne. Amma kada ka tura su wata sabuwar lamba da aka karanto maka ta waya. Je ofishin kamfanin wayar ka nemi a mayar da su asusun da suka fito. Ajiye saƙonnin da hoton rasidin, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ko ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa.

Wallahu a'alam.