Kafin ka sayo babbar wufa, ka gwada canza mata wuri

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce ka haɗa kayan sauti a falonka da ke Gusau, mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, ka sa wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai nauyi, cikin durowar talabijin, amma idan ka zauna a kujerarka ta tsakiyar falo ba ka jin nauyin sautin, alhali wanda ya jingina da bango ko ya tsaya a kusurwa yana jin gurnaninta har cikin ƙirjinsa, kuma kana shawarar ko ka sayar da ita ka sayo wadda ta fi ta girma. Ina roƙonka kada ka taɓa aljihunka tukuna. Ni ma na taɓa yin wannan sauyin a gidana na Birnin Kebbi, na kawo babba na ajiye daidai inda ƙaramar take, abin da ya ƙaru kawai shi ne ƙarar da ke isa ɗakin yara, kujerata kuwa tana nan yadda take. Wufarka lafiyarta ƙalau, ɗakin ne yake raba sautin yadda ya ga dama.

Dalilin yana cikin tsawon igiyar sautin, wato tazarar da sauti ke ci kafin ya kammala kaɗawa ɗaya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, ya ɗan fi haka a zafi irin namu. Sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, wato 40 Hz, tsawon igiyarsa ya haura mita 8, ya fi falonka tsawo ke nan. Idan irin wannan sauti ya bugi bango ya dawo, yana haɗuwa da wanda ke tahowa, a wani wuri su taru su ninka ƙarfi, a wani wuri kuma su kashe juna. Akwai lissafi mai sauƙi: ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Mita 5 zai ba ka kusan 34 Hz, mita 4 zai ba ka kusan 43 Hz, kuma waɗannan su ne sautukan da falonka yake kumbura su a jikin bango, ya shanye su a tsakiya. Kujerarka tana daidai inda biyun suka fi rauni, shi ya sa ƙara murɗa ƙarfin wufar ba ya amfana maka komai, domin gwargwadon ƙarfin da ya tafi, gwargwadon wanda zai dawo ya kashe shi. Gine-ginenmu kuma suna ƙara tsananta abin, saboda bangon bulo da siminti da daɓen tayil ba sa shan sauti mai nauyi, mayar da shi suke yi kusan gaba ɗaya. Yawancin shawarwarin da ake karantawa daga Amurka an rubuta su ne don gidajen katako da allon jifsam, waɗanda bangonsu ke ɗan lanƙwasawa ya rage wannan matsala. Labule da kafet suna gyara murya da amsa-kuwwa, amma igiyar mita 8 ba ta san da zamansu ba.

Saboda haka abu na farko shi ne kujerar. Ka matsar da ita baya ko gaba, ta bar tsakiyar ɗakin, misali ta zama kimanin mita 2 daga bangon baya maimakon mita 2 da rabi. Kada kuma ka manna ta da bango kamar yadda muka saba jera kushin, domin can sautin yakan yi yawa har ya danne maganar da ake yi a fim.

Abu na biyu shi ne gwajin da na fi dogara da shi, kuma ba ya cin ko sisi. Ka fito da wufar daga durowa, ka samo doguwar waya, ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kusa da inda kanka yake kasancewa. Ka kunna wani sauti mai nauyi wanda yake hawa yana sauka, ka sa ya riƙa maimaituwa, sannan ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe, kunnenka daidai tsayin da wufar take idan tana ƙasa. Tafiyar sauti tsakanin wurare biyu ɗaya ce ko ta ina aka fara, don haka wurin da ka ji sautin ya yi daidai, idan ka mayar da wufar can, haka za ka ji shi a kujerarka. Abin da za ka nema shi ne inda kowane sauti ya fito da ƙarfi kusan ɗaya, kana bambance wannan da wancan. Inda ya fi ƙara yana ruɗin kunne, sau da yawa sauti ɗaya ne kawai ya kumbura ya rufe sauran. Ka sa alama a wurare biyu ko uku, ka gwada kowanne kana zaune, ƙofofi kuma su kasance yadda suke idan kuna kallo, domin ƙofar da ke buɗe zuwa ɗakin cin abinci tana canza lissafin.

Za ka ji masu cewa kusurwa ce wurin wufa. Gaskiya ne kusurwa tana ƙara mata ƙarfi, saboda bango biyu da ƙasa suna taya ta, kuma ƙaramar wufa a babban falo tana amfana da hakan. Amma a ɗakin siminti mai girman naka, kusurwa tana tada duk sautukan da ɗakin ke kumburawa a lokaci guda. A gidana wurin da ya dace shi ne jikin bangon gaba, kimanin mita 1 daga kusurwar dama, sai dai ba zan ce naka zai zama haka ba, kunnenka ne zai yanke hukunci. Durowa dai ban yarda da ita ba ko kaɗan: katakonta yana rawa ya ƙara nasa sautin, yana toshe ramin iskar da ke bayan akwatin, kuma na'urar ƙara ƙarfin da ke ciki tana buƙatar iska, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ka bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin ramin da bango.

Bayan ka sami wuri sai saiti, idan na'urarka da ke raba wa sifikoki sauti tana da shi. Ka sa duk sifikokin a matsayin ƙanana, ka sa mahaɗar sauti, wato iyakar da wufa ke karɓar sauti daga sauran sifikoki, a 80 Hz, wadda ita ce ƙa'idar THX, kamfanin da ke tsara ma'aunin sautin silima, domin ƙasa da nan kunne ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. Idan sifikokinka 'yan ƙanana ne sosai, dole mahaɗar ta hau zuwa 100 ko 120, kuma a nan wufar tana fara tona inda take, don haka gara ta tsaya a gaba kusa da talabijin. Haka nake ba masu kayan haɗe irin na LG ko Sony shawara, waɗanda ba su da wurin canza wannan saiti. Akwai kuma makunnin da aka rubuta 0 da 180 a bayan wufa. Ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa juya maka shi, ka bar shi inda sautin ya fi cika. Idan na'urarka Denon ce ko Yamaha mai zuwa da makirfon awo, ka sake awon bayan kowane canjin wuri, amma ka sani awon yana iya rage sautin da ya kumbura, ba ya iya cike ramin da ɗaki ya shanye.

Wani abin da ake ɗora wa wufa laifinsa shi ne karkarwa. Tagogin alminiyam da silin da faranta a cikin kabad su ne ke yin ta, kuma ɗan soso ko roba a inda suke gogar juna yana kashe ta. Ka sa roba mai kauri ƙarƙashin akwatin don kada ya riƙa zamewa a kan tayil. Sannan ka duba wane bango ne kuka haɗa da maƙwabci ko ɗakin barcin iyali, domin sauti mai nauyi yana ratsa gini fiye da kowane sauti, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya isa ya sa ka bar wuri mafi daɗi ka ɗauki na biyu.

Idan duk ka yi wannan, kujerarka ta gyaru amma sauran kujerun ba su gyaru ba, to a nan ne kuɗi zai yi amfani, kuma wufa ta biyu irin taka za ka sayo. Binciken da Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar a 2002 ya nuna cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye biyu masu fuskantar juna suna daidaita sauti tsakanin kujeru kusan yadda huɗu za su yi. Ka fara da kujerar da rarrafen a ƙarshen makon nan, sannan ka faɗa mana inda ƙofofi da tagogin falon suke da sunan na'urarka, in Allah ya yarda sai mu duba saitin tare.