"Wato" Ta Hana Ni Sakat A Wurin Aiki

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Kaduna, kuma bakina ya zame min abin kunya. Duk ranar Litinin da muke zaman taro, da zarar an ce in yi bayani, sai "wato" da "kun gane" su cika min baki. A gida ba na haka, cikin ƙawayena ba na haka, sai a gaban oga. Wata abokiyar aikina har ta fara kirana Hajiya Wato, ana dariya, ni kuma ina yaƙe. Da daddare in ɗauki alkawari gobe ba zan faɗa ba, gari na wayewa sai ta fi ta jiya yawa. Ko na fara da "ku yi haƙuri, wataƙila ban fahimta daidai ba" don in samu natsuwa, ba ta fasa zuwa. Ni ce fa mai haɗa lissafin nan. Anti, ya zan yi da "wato"?

Ƙanwarki a Kaduna

Wa alaikis salam ƙanwata. Ban ji ta bakin abokiyar aikinki ba, ba zan yanke mata hukunci ba, amma mai son ya gyara ka ba ya laƙaba maka suna a bainar jama'a.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan "ku yi haƙuri". Haƙurin me kike ba su? Ke kika zauna da rasit da takardun banki har lissafi ya daidaita. In kika buɗe baki da shakkar kanki, dole harshe ya nemi majingina, "wato" kuwa ita ce mafi kusa. Ranar Litinin ki fara da adadi kai tsaye: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita.

Sannan ki saba da ɗan shiru. Saurari masu karanta labarai a BBC Hausa, in jimla ta ƙare sukan dakata su ja numfashi, ba wanda ke ganin gazawarsu. Ɗauki muryarki a waya kina bayanin rahoton, ki saurara. Yawanci za ki tarar tana faɗowa ne inda ba ki shirya abin da zai biyo baya ba, sai ki shirya wurin.

Ku kuma iyaye, muna tayar da 'ya'ya mata da "yi shiru, manya na magana", sannan mu tura su ofis. Ku koya musu kunya, amma in yarinya ta dawo daga makaranta tana ba ku labari, ku bar ta ta kai ƙarshen maganarta.