Tanderun Burodi Yana Cin Itace: Gyara Ko Sayen Na Gas?

Wani mai gidan burodi a Zariya ya aiko da tambaya cewa tanderunsa na itace, wanda aka gina a tsakar gida, ya fara mayar da hayaƙi ta baki, wutar ba ta kamawa sosai, kuɗin itace kuma sai ƙaruwa yake yi. Yana neman shawara ko ya ci bashi ya sayi tanderun gas.

Alhaji, kada ka ci bashin nan tukuna, domin alamomin da ka lissafa sun fi nuna cewa iska ce ba ta ratsa tanderun yadda ya kamata, gyaran wannan kuwa bai kai ko kusa da kuɗin sabon tanderu ba. Hayaƙi mai zafi idan ya haura ta bututu, shi ne yake janyo sabuwar iska ta ƙasa, saboda haka duk abin da ya toshe ɗayan hanyoyin biyu zai raunana wutar. Ka kunna takarda a bakin kafar iska lokacin da wuta take ci. Idan harshen wutar takardar bai karkata ciki ba, to bututun ba ya ja.

Ka fara da kwashe toka da kankare kunkunniyar da ta daskare a bututu, sannan magini ya liƙe tsagogin da sanyin iska yake shiga, ya kuma duba ko wata katanga ko bishiya ta fi bututun tsawo.

Inda na fi zargin kuɗinka yana zurarewa shi ne itacen kansa, musamman da damina. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, alhali wanda yake ci da kyau ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, don haka kana biyan kuɗi ne wuta tana ƙarewa wajen busar da shi, hayaƙinsa kuma yana sake toshe bututun da ka share. Sayen itace da rani a jibge shi ƙarƙashin rumfa, ba a kan ƙasa ba, zai riƙe maka wani ɓangare na jari, amma ya fi bashi sauƙi. Lafiyar yaran da suke shaƙar hayaƙin nan kullum ma abin dubawa ce.

Ka riƙa rubuta kuɗin itacen da kowane buhun fulawa mai kilo 50 yake ci, mako biyu kafin gyara da mako biyu bayansa. Wannan adadin za ka gwada da kuɗin gas da na biyan bashi kafin ka yanke shawara.