Shin tsananin azumi ne hikimar Ubannin Hamada?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka ƙuntata wa jikinka kamar sufayen Kirista na hamadar Masar, waɗanda ake kira Ubannin Hamada, kafin zuciyarka ta natsu. A ganina, a nan mutane da yawa suke kuskure, domin abin da dattawan ƙarni na 4 suka fi girmamawa shi ne tawali'u da sanin iyaka. An ruwaito cewa Antoni, ɗaya daga cikin manyan sufayen nan, wanda ya rasu a shekarar 356, ya sa wani mafarauci ya yi ta jan bakansa har mutumin ya ce zai karye, sai ya nuna masa cewa haka ɗan Adam yake idan an matsa masa. Sufayen su kansu sukan nemi shawarar dattijo a kan azumi, saboda haka ka nemi shawarar limamin cocinku, kuma ka ga likita idan kana da ciwon suga ko gyambon ciki.