Makuwa a Birnin Katsina: Tambaya da Amsa

Wani ɗalibi daga Daura ya aiko da baitoci biyu na waƙar raha da ya tsara bayan ya rasa hanya a Katsina:

Na ce da mai Napep Ƙofar Soro,
Sai ga ni Ƙofar Guga da tsoro.

Waya ta ce ka miƙe ka yi dama,
Ga garu gabana, ko in bi ta sama?

Ya ce: "Malam, wane suna ya dace da waƙar, Ɓata ko Makuwa ko Ɗimuwa? Kuma ya halatta in taɓa karin maganar nan, matambayi ba ya ɓata?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Ɓata ta yi wa waƙarka yawa. Akuya kan ɓata, kuɗi kan ɓata, yaro kan ɓata ranar hawan salla a fita cigiya. Kai kuwa ba a yi cigiyarka ba. Ɗimuwa kuma a kai take: mutum ya tashi daga barci a baƙon wuri ya rantse gabas ce yamma, har ya nemi a nuna masa alƙibla. Abin da ya same ka makuwa ce, wato ka san inda ka nufa, ƙafa tana tafiya, amma hanya ta kuɓuce maka. Nan dariyar take, domin mai makuwa da ƙarfin gwiwa yake tafiya, har sai ya sake ganin mai shayin da ya wuce ɗazu. Ni dai Makuwa zan sa.

Baitin farko ya zauna. Ƙwar biyu ce, wato ɗango (layi) bibbiyu a kowane baiti, kuma soro da tsoro sun amsa juna sarai. Sai dai duk ɗan Katsina zai ce da sake, don Ƙofar Soro ƙofar fadar sarki ce, ba mai Napep ɗin da zai manta ta. Ka mai da laifin kanka, ka ce kai ka yi masa kwatance. Waƙar raha ta fi armashi idan mawaƙi ya ɗauki wautar, kuma ka tsira daga zargin yi wa masu sana'a zambo.

Baiti na biyu ya fi burge ni. Da can ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, suna da jagaba mai shiga gaba don ya san hanya da mashaya. Yau jagaban yana cikin aljihu, bai kuwa taɓa taka lungunan cikin birni ba, inda wani lungun kan kai ka zauren mutane. Bakatsine zai ce maka ka yi gabas da masallaci, in ka hango hasumiyar Gobarau ka sake tambaya. Sa muryoyin nan biyu su yi gardama a baiti na uku, ta waya da ta dattijon da ke kan dakali.

Batun karin magana kuwa, ya halatta, mawaƙa sun daɗe suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: mai sauraro ya ji asalin a ƙarƙashin abin da ka sauya. Kana iya cewa matambayi ba ya ɓata, sai in ya tambayi baƙo ɗan'uwansa. Akwai kuma "da ɗan gari akan ci gari", wadda za ta yi maka amfani.

Saura gyara ɗaya. Ɗangon garu ya fi abokinsa tsawo, numfashi na ƙarewa kafin a kai ƙarshensa. Rera shi da baki kana tafa hannu, za ka ji inda ya yi tuntuɓe. Gwada "Ga garu nan, in bi ta sama?", sannan ka aiko mini da baiti na uku.